Ɗan ɗaki a gefen gado: yadda muka shirya wa yarinya mai raunin gani da farfaɗiya wurin wasa

Ranar da na fara shiga gidan, a wata unguwa cikin ƙwaryar birnin Kano, na tarar da yarinyar goye a bayan kakarta. Hantsi ya ɗaga, uwar kuma ta ce tun asuba take nan. Ba rigima take yi ba. Goyon ne ya zama mazauninta: daga bayan kaka zuwa bayan uwa, daga nan sai tsakiyar katifa, inda ake kewaye ta da matasan kai huɗu. Shekararta biyu da wata huɗu. Auta suke ce mata a gidan, ni ma haka zan kira ta a nan, domin iyayenta sun yarda in rubuta abin da ya gudana muddin ban ambaci sunansu ko unguwarsu ba.

Aikina gashi ne, ina motsa gaɓoɓin yaran da jikinsu ya sandare ko ya saki. An turo mini Auta saboda ba ta zama da kanta, hannunta na dama kuma kullum a dunƙule. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannun hagu, wanda lafiyarsa ƙalau. Na zauna kusan awa ɗaya ina kallonsa, bai miƙa ko sau ɗaya don ya taɓa wani abu ba. Daga bakinta sai ƙirjinta, nan duniyarsa ta tsaya.

Asalin ciwon

Haihuwarta ta zo da doguwar naƙuda. An kwana biyu ana fama a gida kafin a tafi asibiti, da ta faɗo kuma ba ta yi kuka ba sai da ma'aikata suka daɗe a kanta. A rana ta biyu ta yi jijjiga, aka kwantar da ita a ɗakin jarirai, har ranar suna a asibiti ta same su. Bayan sallama abin ya lafa. Tana wata bakwai ya dawo: sai ta sandare, idanu su juya gefe guda, hannun dama ya riƙa fizga na minti ɗaya zuwa biyu, sannan barci mai nauyi ya ɗauke ta. Kakar ta ce taune-taune ne. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an shafa abin da aka shafa. Sai da ya maimaita sau da yawa cikin wata guda aka kai ta wurin likitan yara, ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora ta a kan sodium valproate na ruwa, safe da dare.

Maganar gani daga baya ta taso. Uwar ce ta lura cewa ko tana shayar da ita ba ta kallon fuskarta, amma za ta ƙura wa ƙwan lantarki ido ba ƙiftawa. A asibitin ido aka duba aka ce ƙwayar idon lafiyarta ƙalau. Wannan maganar ta rikita gidan. Wasu daga dangin uba suka ce ai ga shi nan, likita da bakinsa ya ce ba ciwon asibiti ba ne.

Abin da likitan yake nufi daban ne. Ido ƙofa ne kawai. Hoton da ya shiga sai ya isa sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya kafin mutum ya gane abin da yake kallo. Ƙarancin iska da jini lokacin haihuwa ya taɓa wannan sashe a kan Auta, kuma tabon da ya bari shi ne tushen farfaɗiyar. Ciwo ɗaya ne mai rassa biyu. Likitoci suna taƙaita sunan irin wannan raunin gani da CVI, kuma sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da faɗuwar sukari a jinin jariri duk suna iya haifar da shi. Abin da ya bambanta shi da makantar da ta kashe ido shi ne ganin yana iya ƙaruwa, idan an shirya wa yaro abin kallo daidai da abin da ƙwaƙwalwarsa za ta iya ɗauka.

Tsoron da na tarar

Ba wanda zai ga laifin mutanen gidan. Gidan haya ne mai ɗakuna uku, tsakar gidan siminti, ga murhun gawayi a kusurwa, ga baho da bokitai cike da ruwa don famfo ba kullum yake kawowa ba. Duk wanda ya yi aikin asibiti a ƙasar nan ya ga mai farfaɗiyar da ya faɗa wuta ko ruwa. Da na kawo maganar a riƙa sauke ta ƙasa ta yi wasa, kakar ta gyara goyonta ta ce, "'Yar nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki bar mini ita a baya, nan ne na san ba abin da zai same ta."

Na ce, "Hajiya, ban musa muku ba. Amma yaro mai gani ido ne yake jan hannunsa. Ya hango cokali, ya miƙa, ya mirgina, ya yi rarrafe. Ita ba abin da yake kiranta. Idan ba mu kawo abin har inda hannunta zai ci karo da shi ba, ba za ta san akwai shi ba."

Akwai kuma wani tsoron da ba a furta mini ba sai a zuwa na uku. Maƙwabta sun hana 'ya'yansu shigowa, wai yawun mai farfaɗiya yana yaɗa ciwon. Ba ya yaɗawa, ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da tashin ciwon ba idan sun sami magani daidai. Ba ɗaya a cikinsu da ya ɗauka daga yawun wani. Amma maganar ta riga ta shiga gidan, har yayyenta biyu suna ɗari-ɗari da ita.

Uban, wanda adaidaita sahu yake ja, ya nuna mini abin da ya sayo mata a kasuwar Sabon Gari: wayar roba mai waƙa, fitilu ja da kore suna walƙiya a jikinta. Ya ce duk sanda aka kunna sai ta runtse ido ta juya kai. "Anti, ki faɗa mini abin da za a saya kawai, in Allah ya hore zan kawo." Na ce masa mafi yawan abin da muke buƙata yana cikin kwandon wanke-wanken gidansa.

Inda dabarar ta fito

A Turai akwai ɗakunan motsa gaɓoɓin ji da ake kira Snoezelen, waɗanda Jan Hulsegge da Ad Verheul suka faro a ƙasar Holan a shekarun 1970: fitilu masu canza launi, bututun ruwa mai kumfa, katifar ruwa, kiɗa mai taushi. Ba wannan na bi ba. Kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, kuma yawan fitilu ba abokin yarinya irin Auta ba ne.

Na bi tafarkin wata masaniya 'yar ƙasar Denmak, Lilli Nielsen, wadda ta rasu a 2013 bayan ta shafe shekaru tana aiki da yara makafi masu ƙarin lalura. Ta taso cikin 'yan'uwa makafi, don haka ba a littafi kaɗai ta san abin ba. Abu biyu ta ƙirƙiro da suka yi mana amfani. Na farko ɗan ƙaramin ɗaki ne da ake kifawa a kan yaro yana kwance, a rataye kayayyaki daga rufinsa da roba, ta yadda duk motsin da ya yi sai ya taɓa wani abu, in ya saki kuma abin ya koma inda yake. Na biyu faffaɗan katako ne fale-fale, kaurinsa kamar milimita 4, faɗinsa kamar santimita 120 kowane gefe, da ɗan dakali na santimita 2 a ƙarƙashin gefunansa don ya ɗaga daga ƙasa. Yaro na kwance a kai, ko dunduniya ya buga sai katakon ya amsa kamar ganga, ya ji a kunne ya ji a bayansa. Jigon koyarwarta kuwa shi ne babba ya janye hannunsa, ya kama bakinsa, yaro ya gano da kansa.

Gwajin farko bai yi ba

Da kwalin firji muka fara, a watan Afrilu. Na yanke shi, na shimfiɗa atamfar uwar a bangonsa don ya yi kyau, na rataye abubuwa goma sha huɗu. Yayyenta da 'yan ɗakin maƙwabta suka tsaya daga nesa suna leƙe, rediyo na yi a ɗaya ɗakin. Muka zura ta ciki. Ta dunƙule hannuwa biyu, ta runtse ido, ko minti uku ba a yi ba ta fashe da kuka, da muka fito da ita gumi ya jiƙa mata riga sharkaf.

Kuskuren nawa ne, kuma uku ne a haɗe. Atamfa mai zane-zane ga ƙwaƙwalwar da ke wahalar raba abu da abin da ke bayansa tamkar kasuwa ce ranar ci. Kayan sun yi yawa. Kwali kuma yana riƙe zafi, a watan da Kano take ƙuna. Kakar ce ta fara faɗin na ukun, tun kafin mu saka ta: "Wannan akwatin ai tanda ne." Ta fi ni gaskiya, zafi da gajiya ba sa yi wa mai farfaɗiya daɗi.

Muka rage kayan zuwa huɗu, muka cire atamfar, muka huda tagogi a kwalin, muka mayar da wasan bayan sallar asuba lokacin da gari bai yi zafi ba kuma yara ba su tashi ba. A kwana na biyar gwiwar hannunta ta bugi cokula uku da aka ɗaure tare. Suka yi ƙara. Ta yi tsit, numfashinta ma kamar ta riƙe shi. Uwar ta buɗe baki za ta ce "yauwa", na ɗora yatsa a leɓena. An daɗe, ni dai na ƙirga ya haura sakan talatin, sannan gwiwar hannun ta sake motsawa, cokulan suka sake amsawa. Sau shida ta yi haka a safiyar.

Ranar da ciwon ya tashi a ciki

A mako na uku abin da kowa yake tsoro ya faru. Tana cikin kwalin ciwon ya tashi. Uwar ba ta ga fuskarta ba saboda rufin kwali ne, ƙarar kayan da ta canza ce ta ankarar da ita. Kafin ta jawo ta ta ƙafa ta juya ta gefe, robar da aka rataye ludayi ta harɗe a hannunta. Ba ta ji ciwo ba, alhamdu lillahi, amma gidan ya girgiza. Kakar ta ɗauke kwalin ta jefa bayan ɗaki, ta ce ba a ƙara.

Ban yi gardama ba a ranar. Na ce a auna zafin jikinta, aka tarar da zazzaɓi, gwajin jini washegari ya nuna maleriya. Tun zuwana na farko na ba uwar littafin rubutu irin na 'yan firamare, na ce duk tashin ciwo ta rubuta rana, lokaci, minti nawa ya yi, da abin da ya gabace shi. Muka zauna mu uku muka buɗe shi. Yawancin tashin sun zo tare da zazzaɓi. Biyu sun biyo bayan ƙarewar magani kafin a sami kuɗin sabon kwalba. Ɗaya ya zo washegarin wani biki da aka kwana ana kiɗa a layin, yarinyar ba ta runtsa ba. Wasa bai fito a ko'ina cikin littafin ba.

Kakar ta ce a karanta mata tun daga farko, aka karanta. Ta yi shiru, can ta ce, "To, amma ba wannan akwatin ba." Nan ma ta yi gaskiya. Kwalin bai ta da ciwon ba, amma ya ɓoye fuskarta kuma ya hana a kai mata agaji da sauri, wannan kuwa aibi ne babba a wurin wasan mai farfaɗiya.

Abin da kafinta ya ƙera

Muka kai wa kafintan unguwa zane. Ya haɗa firam na siraran katako, tsawo da faɗi kamar kamu uku, tsayinsa daidai inda hannunta zai kai tana kwance. Gefe uku muka ɗaura baƙin yadi mara nauyi wanda iska ke ratsawa, gaba a buɗe, sama kuma sanduna ne kawai a jere, mai tsaro yana ganin fuskarta daga ko'ina. Sharaɗin da na kafa masa ɗaya ne: kakar ta iya ɗage shi gaba ɗaya da hannu guda. Sai da ta gwada a gabansa sau biyu kafin mu biya shi. Yanzu idan ciwo ya tashi ba a jan yarinya, ɗakin ake ɗagewa daga kanta.

Katakon ƙasa ya ba ni tunani. Amfaninsa yana cikin taurinsa, in an shimfiɗa katifa amon ya mutu. Amma kan mai jijjiga ba ya son wuri mai tauri. Muka raba gardamar: zani mai ninki huɗu ƙarƙashin kai da kafaɗu, daga ƙugu zuwa ƙafa kuma katako tsurarsa. Kafintan ya goge gefunan sumul, ya binne kawunan ƙusoshi.

Robar wando muka sayo wurin tela don ratayewa, kowace gajera ce ƙwarai, ba wadda za ta iya zagaye wuyanta, an kuma zura kowace cikin guntun tiyo don kada ta naɗe yatsa. Duk abin da zai iya shigewa bakinta gaba ɗaya mun hana. A hagu cokulan nan uku da ludayin duma. A tsakiya, saitin ƙirji, jan kofin roba. A dama, wajen hannun da ya dunƙule, soson wanka da ƙwallon goriba babba, wadda take da ƙamshi da kaushi kuma ba ta haɗiyuwa. Wajen ƙafa murfin samira da gwangwanin madara mai tsakuwa a ciki, an toshe bakinsa an naɗe da salatif. Faifai a jikin bango ɗaya, guntun buzu a ɗaya bangon, don hannu ya bambance dama da hagu.

Dokar da ta fi wahalar bi ita ce kada a canza wa komai wuri. Mu masu gani muna son sabon abu, muna ɗauka yaro zai gaji da kofi ɗaya. Ita kuwa sai abin ya tsaya wuri guda kwanaki da makonni kafin ta yarda cewa yana nan ko ba ta taɓa shi. Abu ɗaya muke sauyawa, shi ma sai bayan an ga ta daina kula shi.

Turare da ƙamshi mun taƙaita su ga ɓawon lemo da goriba. Na sa an kwashe kafur daga cikin kayan sawarta da ƙarƙashin gado, an kuma daina shafa mata man zafi mai kafur a hanci idan tana mura. Kafur guba ne idan yaro ya haɗiye shi, kuma yana cikin abubuwan da ke kawo jijjiga. Wayar robar nan ma ta bar gidan, har da dalilin ƙananan baturanta masu kama da maɓalli.

Haske

Nan ne aka fi ruɗewa, har a tsakanin ma'aikatan lafiya. Mutane suna ɗauka duk mai farfaɗiya haske ne yake ta da masa ciwo. Waɗanda walƙiyar haske take ta da musu kusan 3 ne cikin 100, kuma walƙiyar da ta fi yin haka ita ce mai ƙiftawa tsakanin sau 3 zuwa 30 a sakan guda. An yi wa Auta gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a fatar kai a kunna fitila mai walƙiya a gaban ido, likitanta ya ce ba ta cikin wannan rukuni. Da ba mu tambaya ba, da mun hana ta hasken da shi ne babban makamin koya mata kallo.

Duk da haka ba mu bar wani abu mai ƙiftawa a ɗakin ba, don ko ba ya ta da ciwo yana gajiyar da ita. Wanda ya ɓoye mana shi ne fankar sama. Ƙwan ɗakin yana sama da fukafukanta, in tana juyawa sai hasken ya riƙa yankewa a kan katifa. Mu mun saba har ba ma gani. Uban ya kira mai gyaran wuta ya mayar da ƙwan jikin bango.

Ga yadda muke yi, minti goma kafin a sa ta cikin ɗan ɗakin. A kashe rediyo, a rufe ƙofa don kada ta tafi kallon rana. Uwar ta yafa baƙin hijabi, ta riƙe jan kofin a gabansa, wajen hagun yarinyar inda muka lura ganinta ya fi, tazarar kamu ɗaya da rabi. Wani ya haska kofin da tocila daga bayan kan Auta, hasken a kan kofi, ba a idonta ba. A ɗan girgiza kofin a hankali. Sai jira. Ba kiran suna, ba tafi, domin ba ta iya haɗa kallo da saurare a lokaci guda; da an yi magana idon yake sakin abin. Yakan ɗauki sakan goma sha biyar ko ashirin kafin idanun su zo. Takan kalla, ta kawar da kai, sannan hannun ya tafi. Da farko uwar ta ɗauka ƙi ne. Haka yara masu irin wannan lalura suke yi, kallon daban, miƙa hannun daban. Da kofin nan kuma ake ba ta ruwa kullum, don abin da ta sani shi ta fi gani.

Washegarin tashin ciwo ganin yakan koma baya, wani lokaci har kwana biyu. A irin waɗannan ranaku ba kofi, ba ɗan ɗaki, sai goyo da barci. Bayan kaka bai rasa aikinsa ba.

Ruwa, da hannun manya

Ruwa ne abin da ta fi so, shi ne kuma abin da na fi tsoro. Yaro yana iya nitsewa a ruwan da bai wuce 'yan santimita ba idan ciwo ya kifa shi. Ba mu hana ba. Faranti mai faɗi, ruwa iya gaɓar yatsa biyu, tana zaune tsakanin cinyoyin uwarta, in an yi sallama a ƙofa sai dai mai sallama ya jira. Ana gamawa a zubar. An sa wa bokitan tsakar gida murfi, murhun kuma ya koma bayan wani guntun langa-langa.

A bango, sama da gadon, mun liƙa takarda da manyan baƙaƙe, likitanta ya duba ta ya amince. Idan ciwo ya tashi, a ɗage ɗan ɗakin, a kwantar da ita a gefenta, a duba agogo. Ba cokali a baki, ba yatsa, ba ɗura ruwa ko magani, ba danne ta. In ya kai minti biyar, ko ya sake tashi ba ta farfaɗo ba, sai asibiti. Maganar cokali sai da muka daɗe a kanta da kakar, don ta taso ta ga ana yi, wai kada a haɗiye harshe. Harshe ba ya haɗiyuwa. Haƙora dai suna karyewa, yaro kuma yana shaƙewa. Uban yana ɗaukar bidiyon tashin a wayarsa idan yana gida, likita ya ce wannan ya fi masa kowane bayani.

Sai hannun manya. A al'adarmu yaro na kowa ne, kowa ya shigo sai ya sure shi ya cilla sama. Ga wadda ba ta ga tahowarka ba, wannan fizga ce daga duhu. Muka sa doka: ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne, ka ba ta alamarka ta taɓa. Kakar carbinta, uwar awarwaronta, uban gemunsa. In za a nuna mata abu kuma ba a kama hannunta a kai shi. Babba ya sa nasa hannun a ƙarƙashin nata, in ta so ta bi, in ta so ta janye. Yayanta mai shekara bakwai muka ba aikin duba robobi kowace safiya ko akwai wadda ta sassauta. Ta nan ɗari-ɗarin ya fita, har ya koma shi yake hana baƙi surarta.

Bayan wata bakwai

Yanzu tana zama da kanta kusan minti goma, hannun hagu yana dafe ƙasa. Tana kai jan kofin baki. Tana bin uwarta da ido idan ta ratsa ɗaki sanye da jan ɗankwali, amma fuska har yau ba ta kallo, kuma na gaya wa uwar gaskiya cewa fuska tana cikin abubuwan da suke zuwa a ƙarshe, wani yaron ma ba ta zuwa masa sosai. Hannun dama yana buɗewa ya kama goriba, bai iya sakinta da kansa ba tukuna. Magana ba ta wuce sauti biyu zuwa uku ba. Tashin ciwon ya ragu, wannan kuwa aikin magani ne: likita ya ƙara adadin daidai da nauyinta, an sa gidan sauro, uban kuma ya koma sayen sabon kwalba tun na hannu yana rabi, duk da cewa kuɗin yana ci masa tuwo a ƙwarya. Ya tambaye ni maganar makaranta, na ce akwai ta masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki nan Kano, akwai ta makafi a Gindiri da ke Filato tun 1953, amma da sauran lokaci, kuma wace ce za ta dace da ita sai mun ga inda ganinta ya tsaya.

A zuwana na makon jiya na tarar an rasa ludayin miya, yayarta ta kwance na cikin ɗan ɗakin ta kai wa uwar, ba wanda ya tuna ya mayar. Aka kwantar da Auta. Hannun hagu ya tashi kai tsaye zuwa inda ludayin yake rataye, ya tarar da iska. Ya sauka, ya sake tashi, ya lalubi cokulan da ke kusa, ya koma gurbin. Sai ta saki wata ƙara mai ƙarfi, ta fushi, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Kakar ce ta miƙe daga kan tabarma, ta nufi madafi tana faɗa wa wanda ya taɓa kayan yarinya, ta dawo da ludayin ta ɗaure shi da kanta.

Kafintan zai ƙara wa firam ɗin tsayi a mako mai zuwa don ta riƙa wasa a zaune. Mun kuma auna bangon daga ƙofar ɗaki zuwa bakin tsakar gida, inda za a kafa sanda a kwance daidai ƙugunta, da faifai a farkonta da cokula a ƙarshenta, don ranar da za ta fara miƙewa.